Tsawon Rayuwar Ƙwayar Cutar Korona a Kan Kayan Kiwo da Yadda Magungunan Feshi Ke Kashe Ta

Gabatarwa

Da yawa daga cikin manoma ba su taɓa jin kalmar korona ba sai a shekarar 2020, lokacin da annobar COVID-19 ta shigo Nijeriya ta Legas a ƙarshen watan Fabrairu, ta kuma iso Jihar Borno a watan Afrilu. Amma in kana kiwon kaji, ko kana da maruƙa a turke, ko kana hada-hadar raƙuma a Kasuwar Shanu ta Maiduguri, to ka daɗe kana zaune da dangin wannan ƙwayar cuta, sunanta ne kawai ba ka sani ba. Korona ba cuta ɗaya ba ce. Dangi ne babba na ƙwayoyin bairos, kowace da irin dabbar da take kamawa. Hasali ma, wadda aka fara ganowa a duniya ta kaji ce, wato mai haddasa mashaƙon kaji, cutar da likitocin dabbobi ke kira IB a taƙaice. An fara bayyana wannan cuta a jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka a 1931, shekaru fiye da 30 kafin a gano korona ta farko a jikin ɗan Adam.

Tambayoyi biyu ne manoma suka fi yi wa malaman gona a kan wannan batu. Idan cuta ta ratsa akurki ta wuce, kwana nawa ƙwayar take yi a raye a kan mazubin ruwa, da buhu, da takalmi? Sannan maganin da ake saye ana fesawa, yana kashe ta kuwa, ko kuɗi ne ake zubarwa? Amsar duka biyun ta danganta da zafi, da datti, da kuma yadda aka haɗa maganin.

Korona da ta shafi makiyayi

Mashaƙon kaji yana da saurin yaɗuwa ƙwarai. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu da shigowarsa za ka ji kaji suna atishawa, suna tari, numfashinsu na kurari musamman da dare. Ƙananan 'yan tsaki ne suka fi mutuwa. Kajin ƙwai kuwa galibi sukan tashi, amma ƙwai ya ragu, wanda aka samu ma ɓawonsa ya yi laushi ko ya yamutse, farin cikinsa ya tsinke kamar ruwa. Cutar tana nan a ƙasarmu. A 2009 masu bincike suka wallafa bayanin wani sabon nau'inta da aka samu a kajin Nijeriya da Nijar, suka sa masa suna Ibadan. Ba ta kama mutum.

Ta shanu ita ce ɗaya daga cikin masu sa ƙananan maruƙa gudawa a makonnin farko na haihuwa, kuma ta cikin kashi take fita.

Ta raƙuma ta fi bukatar kulawa, domin ita tana iya tsallakowa zuwa ga mutum. Ita ce ke haddasa cutar MERS da aka gano a Saudiyya a 2012, wadda ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen da aka tabbatar sun kamu. Gwajin jinin raƙuman Arewacin Nijeriya, har da na Borno, ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 sun taɓa ɗauke da ita, kuma a 2015 an samu ƙwayar kanta a hancin raƙuma a mayankar Kano. Gwajin farko da aka yi wa ma'aikatan mayankar bai nuna alamar sun kamu ba, amma wani gwajin da ya biyo baya ya nuna alamar wasunsu sun taɓa kamuwa. Don haka babu dalilin sakaci ga mai shafa hancin raƙumi kullum.

Abin da ya haɗa waɗannan ƙwayoyi duka shi ne sigar jikinsu. Kowace tana lulluɓe da wata siririyar riga ta maiƙo, a kan rigar kuma akwai 'yan ƙayoyi da take maƙalewa da su a jikin dabba. Muddin rigar ta yage, ƙwayar ta gama aiki. Ka riƙe wannan, domin duk bayanin da zai biyo baya a kansa ya ginu. Abin da ke narkar da maiƙo, kamar sabulu da omo da sifirit, shi ne ke kashe korona.

Kwana nawa take yi a kan kaya?

Ƙwayar bairos ba ta hayayyafa a wajen jikin mai rai. Tun daga lokacin da ta faɗa kan roba ko ƙarfe, yawanta raguwa yake yi. Saurin raguwar ne ya bambanta. Annobar 2020 ta sa an yi gwaje-gwaje masu yawa a kan wannan, kuma da yake dangin ɗaya ne, sakamakon yana da amfani ga mai kiwo.

Wani nazari da masana a Jamus suka wallafa a farkon 2020, inda suka tattara sakamakon bincike 22, ya nuna korona ta mutane tana iya kai kwana 9 a kan ƙarfe da gilashi da roba a ɗaki mai matsakaicin zafi. Gwajin da aka yi a Amurka a shekarar ya samu ƙwayar COVID-19 da sauran rai bayan awa 72 a kan roba da ƙarfe marar tsatsa, amma a kan kwali ba ta wuce awa 24 ba. A Hong Kong an ga ta ɓace daga takarda cikin awa 3, daga katako da yadi cikin kwana 2, daga gilashi da takardar kuɗi cikin kwana 4, ita kuwa roba sai da aka kai kwana 7. Alƙaluman sun sha bamban saboda yawan ƙwayar da aka zuba da yanayin ɗakin gwaji ba ɗaya ba ne, amma duk sun dace a kan abu guda: kaya mai santsi wanda ba ya tsotsar ruwa shi ya fi riƙe ƙwayar. A gidan kiwo, wannan na nufin mazubin ruwa na roba, da kiret ɗin ƙwai na roba, da takalmin roba, da bokiti, da kejin ƙarfe da ake kai kaji kasuwa.

Zafi ne ya fi kowane abu tasiri, kuma a nan manomin Maiduguri yana da rabo. A gwajin Hong Kong, ƙwayar da aka ajiye cikin ruwa a digiri 4 na ma'aunin Salshiyos, wato sanyin firji, ta kai mako 2 kusan ba ta ragu ba. A digiri 37 ba ta kai kwana 2 ba. A digiri 56 ta mutu cikin rabin awa, a digiri 70 kuwa cikin minti 5. A Ostireliya an samu ta da rai bayan kwana 28 a kan gilashi da ƙarfe a digiri 20 cikin duhu, amma da aka ɗaga zafin zuwa digiri 40, a kan wasu kayan ba ta kwana ba. Ƙwayar mashaƙon kaji ma haka take: minti 15 a digiri 56 ya ishe ta, amma a ƙasashen sanyi an ga ta yi har kwana 56 a waje lokacin hunturunsu. Hasken rana shi ma makami ne. Wani gwaji a Amurka da aka yi da haske mai ƙarfin ranar bazara ya nuna kashi 90 cikin 100 na ƙwayar da ke cikin busasshen yawu sun mutu cikin kimanin minti 7.

Yanzu ka auna wannan da shekararmu. A watan Afrilu da Mayu zafin Maiduguri kan haura digiri 40 a inuwa, kwano da siminti da ke rana kuwa sun fi haka nesa. Mazubin da aka wanke aka shanya a tsakar gida a wannan lokaci, yini ɗaya ya ishe shi. A Disamba da Janairu labari ya sha bamban. Dare kan sauka ƙasa da digiri 15, hazo ya rage ƙarfin rana, ga shi kuma a lokacin ne ake rufe tagogin akurki da buhuna da leda don kare 'yan tsaki daga sanyi. An haɗa wa ƙwayar abubuwa uku da take so ke nan: sanyi, da duhu, da iskar da ba ta fita. Saboda haka kada ka ɗauki tsarin tsabtar da ya yi maka aiki da bazara ka ce shi zai yi da hunturu.

Akwai kuma abin da ɗakin gwaji ba ya nunawa sosai. A gona ƙwayar ba tsirara take faɗuwa ba. Tana cikin majina, ko yawu, ko kashi. Wannan ƙazanta takan bushe ta zama mata garkuwa, ta tare rana, ta tare magani. Ƙwayar da za ta mutu cikin awa ɗaya a kan roba mai tsabta tana iya yin kwanaki a ƙarƙashin kashin da ya daskare a tafin takalmi.

Wanki kafin feshi

Kuskuren da aka fi gani a gidajen kaji shi ne fesa magani a kan datti. Mai gida ya sayi magani mai tsada, ya fesa a kan garin katako da kashi da ƙura, ya ji ƙamshi ya cika ɗaki, ya ɗauka an gama. Alhali kuwa kashi da jini da ragowar abinci suna cinye ƙarfin maganin kafin ya kai ga ƙwayar, musamman maganin da ke da sinadarin kulorin. Don haka aikin hawa-hawa ne. Ka fara kwashe shimfiɗar ɗakin gaba ɗaya, ka kankare abin da ya manne, ka share yana da ƙurar da ke saman rufi da raga. Sannan ka wanke da ruwa da omo da buroshi, ka ɗauraye, ka bari ya tsane. Bayan nan ne magani zai shiga. Wankin omo kaɗai yakan kawar da mafi yawan ƙwayoyin, domin yana wanke su kuma yana yaga rigarsu. In kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, omo ko maganin feshi, to a ganina sayi omo.

Wane magani, kuma yaya ake haɗa shi?

Nazarin Jamus da aka ambata ya nuna abubuwa uku da ke kashe korona cikin minti 1 a kan kaya mai tsabta: barasar sifirit mai ƙarfin kashi 62 zuwa 71 cikin 100, da ruwan haidirojin feroksaid mai kashi 0.5, da bilic mai kashi 0.1 na kulorin. Sifirit na hannu ne da ƙananan kaya kamar almakashi. Ba a wanke akurki da shi. Bilic shi ne mafi arha, kuma ana samunsa a kowace unguwa.

Duba jikin robar ka ga ƙarfinsa. Irin su Jik da Hypo galibi kashi 3.5 cikin 100 ne. Don a samu kashi 0.1, sai a zuba ma'auni 1 na bilic a ma'auni 34 na ruwa. A aikace, bokiti mai lita 10 yana son mililita 300, jarka mai lita 20 tana son mililita 600, famfon feshi na goyo mai lita 16 kuwa rabin lita ya ishe shi. Inda jini ko gudawa ta zuba, kamar dandamalin yanka ko wurin da maraƙi mai zawo ya kwana, ana bukatar kashi 0.5, wato ma'auni 1 na bilic a ma'auni 6 na ruwa, bayan an kwashe ƙazantar. In garin kulorin ka samu, irin wanda ake zuba wa rijiya mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, to babban cokali 1 a shafe, kimanin giram 15, a lita 10 na ruwa yana ba da kashi 0.1.

Bilic yana da halaye da ya kamata malamin gona ya nanata wa manoma. Rana da zafi suna rage masa ƙarfi, don haka robar da ta yi watanni a kan tebur a bakin titi ba lallai ta kai abin da aka rubuta a jikinta ba. Saya a shagon da ke ajiye shi a inuwa, ka kuma duba ranar ƙarewar wa'adinsa. Wanda aka riga aka tsarma da ruwa na yini ɗaya ne, gobe a haɗa sabo. Ruwa mai laka, irin na kogin Ngadda ko na kududdufi, yana cinye kulorin tun a cikin bokiti, saboda haka a yi amfani da ruwan famfo ko na burtsatse. Yana cin ƙarfe, don haka a haɗa shi a roba, kayan ƙarfe kuma a ɗauraye su bayan minti 10. Kada a gauraya shi da Izal, ko ruwan wanke masai, ko wani magani daban da nufin ƙara masa ƙarfi. Hayaƙi mai guba ne zai tashi, kuma a rufaffen ɗaki yana iya kayar da mutum. Famfon da ake fesa maganin ciyawa ko na ƙwari da shi ba na akurki ba ne.

Minti 1 da aka ambata na ɗakin gwaji ne. A gona ka bar maganin ya jiƙa wurin na aƙalla minti 10. Wannan ƙa'ida ita ce zafinmu ke karyawa, domin da tsakar rana a watan Afrilu abin da ka fesa kan siminti yakan bushe kafin ka kai ƙarshen ɗakin, kuma maganin da ya bushe ya daina aiki. Yi feshi da sassafe ko da yamma, ka jiƙa wurin sosai.

Izal da danginsa suna kashe korona su ma, kuma sun fi bilic jure datti, shi ya sa suka fi dacewa da kwamin tsoma takalmi a ƙofar akurki. Virkon S da ake samu a shagunan maganin dabbobi ana haɗa shi giram 10 a lita 1 na ruwa. In launinsa na ruwan hoda ya koɗe, ƙarfinsa ya tafi. Shi kwamin tsoma takalmi, a yawancin gonaki ado ne kawai. Ruwan da ya yi mako guda a rana, ya koma laka, ba ya kashe komai, sai ma ya zama wurin da kowane takalmi ke ɗibar rabonsa. Ko dai a goge takalmi da buroshi kafin a tsoma, a sauya ruwan kullum, a yi masa inuwa, ko kuma a ajiye takalmi guda a cikin ɗakin wanda ba ya fita waje ko kaɗan. Hanya ta biyu ta fi sauƙi, ta fi arha.

A kula da wani abu. Korona tana cikin ƙwayoyin da suka fi sauƙin kashewa. Ƙwayar cutar Gumboro ba ta da rigar maiƙo, sabulu da sifirit ba sa yi mata komai, kuma an ga ta yi wata 4 a ɗakin kaji bayan an kwashe kajin. Sunan ma ba daga unguwar Gamboru ta Maiduguri ya samo asali ba, kamar yadda wasu ke zato. Wani ƙauye ne a jihar Delawaya ta Amurka inda aka fara ganin cutar. Don haka in ba ka tabbatar da cutar da ta kashe maka kaji ba, kai gawar da ba ta daɗe ba ga likitan dabbobi, ko Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Maiduguri, kafin ka yanke shawarar maganin da za ka saya da tsawon hutun da za ka ba ɗakin. Ga mashaƙo, hutun mako 2 bayan wanki da feshi ya wadatar da bazara. Da hunturu ka ƙara mako guda.

Akurkin ƙasa, taki da buhuna

Uwargida mai kajin gida 10 ko 20 a akurkin laka, ki sani ruwan magani ba ya tsabtace daɓen ƙasa, tsotse shi ƙasar take yi. Abin yi shi ne a kankare saman ƙasar a kwashe, a zuba sabon yashi busasshe, a buɗe akurkin rana ta shiga. Kaskon ruwa da na abinci a wanke su da omo a kifa a rana. Kazar da aka sayo a kasuwa, musamman gabanin Sallah lokacin da kaji ke cakuɗuwa daga ko'ina, a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran.

Kashin kaji taki ne mai daraja, masu lambu a gefen Alau da fadamun Jere suna nemansa. Amma ta nan ne cuta ke yawo daga gona zuwa gona, a cikin buhu da bayan mota, musamman in mai lambun shi ma yana da kaji a gida. Shimfiɗar da aka kwashe daga ɗakin da cuta ta shiga kada a sayar da ita a ɗanye. A tara ta tsibi guda nesa da akurki, tsayinsa ya kai ƙugu, a yayyafa ruwa ta yi laima ba sharkaf ba, a rufe da leda ko tsofaffin buhuna. Cikin 'yan kwanaki cikin tsibin kan kai digiri 55 zuwa 60, zafin da korona ba ta jurewa. Bayan mako guda a juya, na gefe ya koma tsakiya, domin gefen ba ya ɗaukar zafi. Takin da ya nuna haka ya fi ɗanye amfani ga shuka, ba ya ƙona saiwar tumatir da albasa, kuma yawancin irin ciyawar da ke ciki ya mutu. Buhun abincin kaji da ya shiga wata gona kada ya shigo taka, haka kiret ɗin ƙwai na kwali da dillali ya zagaya da shi gari. Kwali ba ya wankuwa. Dillalin ƙwai da mai sayen taki su tsaya a bakin ƙofa, a miƙa musu.

Masu raƙuma kuwa, wanke hannu da sabulu bayan taɓa hanci ko bakin dabba, da keɓe tufafin aiki daga na gida, su ne kan gaba. An gwada an ga ƙwayar MERS tana yin awa 72 a cikin nonon raƙumi, amma dumama shi a digiri 63 na minti 30 ya kashe ta. A gida, a tafasa shi kawai.

Iyakar abin da feshi zai yi

A watannin farko na annobar an ga motoci suna feshi a tituna da kasuwanni, har da rumfunan da ake fesa wa mutane magani a jiki. A watan Mayu na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce feshin titi ba shi da amfani saboda datti na kashe maganin, fesa wa mutum kuwa cutarwa ce ga ido da fata da huhu. A Afrilun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa taɓa wurin da ƙwayar COVID-19 ta sauka yana jawo kamuwa ƙasa da sau 1 cikin 10,000. Ta numfashi aka fi ɗaukarta. Mashaƙon kaji ma tsakanin kajin da ke ɗaki ɗaya ta iska yake bi, don haka fesa bilic a kan kaji masu rai ba ya warkar da su, sai dai ya ƙona musu ido da maƙogwaro. Amfanin wanki da feshi shi ne hana cuta tsallakawa daga gona zuwa gona, da kuma daga tsofaffin kaji zuwa sababbin da za a zuba. A cikin ɗakin kuwa, abin da ke kare su shi ne rage cunkoso, da barin kafar iska ta sama ko da hunturu ne, da allurar riga-kafi. Lokacin da za ka sayi 'yan tsaki, tambayi wurin ƙyanƙyasar ko an ba su riga-kafin IB a ranar farko, sannan ka nemi likitan dabbobi ya rubuta maka ranakun maimaitawa tare da na Gumboro da Niyukasil.